Sabulun da Ya Sha Turaren Baba

Ni dai tun farko ban ce na iya yin sabulu ba. Abin da na ce shi ne bana ba zan shiga kanti sayen kyautar kowa ba, duk mai murguɗa baki ya murguɗa.

A gidanmu, duk hutun ƙarshen shekara mukan haɗu a wajen Mama, mu da mazajenmu da 'ya'yanmu, kowane gida ya zo da ɗan abin da zai ba sauran. Mama ce ta ƙirƙiro abin tun muna yara, wai don hannunmu ya saba da bayarwa. A lokacin biro ne da hankici, a yi godiya a tashi. Yayata ce ta lalata shi. Tunda mijinta ya zama manaja a wani kamfanin dakon kaya, Yaya ba ta ƙara kawo kyautar da mutum ɗaya zai iya ɗauka ba. Bara injin markaɗe ta ba ni, ta kuma bar kwalin a tsakiyar falo har aka watse, kada wani ya tafi bai yi tuntuɓe da shi ba. Ba muguwa ba ce, kada ku ce na ce. Yaya tana da kirki, sai dai kirkin nata da lasifika yake yawo.

Bana kuwa maigidana ba shi da aiki. Kamfanin da yake kula wa da sito ya rufe reshensu, aka tara su aka yi musu godiya, aka ba kowa hannu. Ranar da zai faɗa mini a kicin ya same ni, ya turo ƙofa, ya rage murya sai ka ce sata ya yi.

Ya ce, "Maman Lauya, abu ɗaya nake roƙo. Kada yara su ji. Kada 'yan gidanku su ji, balle Yaya. Ki bari in samu wani tukuna, sai in faɗa da bakina."

Na ce, "In an tambaye ni fa?"

"Ki ce lafiya lau."

Na yi masa alkawari, don na san abin da yake gudu. Yaya ta ji da safe, kafin rana ta yi tsaka buhun shinkafa ya iso layinmu a bayan mota, direba yana bin maƙwabta yana tambayar ina ne gidan wanda aka kora daga aiki. Mutumin nan zai iya kwana da yunwa, amma wannan ba zai iya ɗauka ba.

Sai muka shiga wasan kwaikwayo. Kullum da safe ya goge riga, ya goge takalmi, ya rataya jaka, ya shafa kan yara ya fita. Ya zaga ofisoshi, a ce masa ya bar lamba za a neme shi, sauran yinin ya ƙarasa shi a benci a shagon wani abokinsa mai gyaran waya, sai lokacin tashi daga aiki ya dawo yana cewa wash. Wash ɗin ma ba ƙarya ba ce, don zaman banza ya fi aiki gajiyar da mutum.

Abu ɗaya ne kawai ya canza, turarensa. Maigidana ba ya shan taba, ba ya kallon ƙwallo, ba ya sayen agogo, duk almubazzarancinsa a duniya kwalba ɗaya ce mai baƙin murfi da ke zaune a saman durowa. Tun kafin ya aure ni shi yake fesawa, kuma tsadarsa ba ta faɗuwa a gaban Mama. Na zuwa aiki ne kawai, ko biki za mu ba ya taɓa shi. Dangi duk da shi suka san shi, Mama takan ce in ya biyo daga aiki tana jin zuwan surukinta kafin ta ji sallamarsa. Yara kuwa sun san ko inuwar kwalbar ba a taɓawa. Lokacin da aka sallame shi saura kamar kaurin yatsa a ƙasa. Ya ɗaga ta ya duba a hasken taga, ya mayar.

Ya ce, "Wannan na ranar da za a kira ni ne."

Daga ranar bai ƙara fesawa ba.

To, a cikin wannan hali hutu ya tunkaro, ga kyautar gidaje a gabana. A waya na ga dabarar. Wata mata ce a wani kicin fari fat, da 'ya'yanta biyu da ba sa faɗa, suna yin sabulu suna murmushi. Ta ce abu ne mai sauƙi, mai araha, kuma yana ƙara shaƙuwa tsakanin uwa da 'ya'ya. Allah ya isa ban ce ba, amma ina so wata rana in ga bayan kyamarar matar nan.

Yarana uku ne. Babbar mace ce, muna kiranta Lauya, don tun tana ƙarama ba a taɓa aikenta ta tafi ba ta ji dalili ba. Mai bi mata Ƙwaro, wanda ya taɓa kwance agogon bango don ya ga abin da ke yin ƙara a ciki. Sai Auta, shi kuma duk abin da Ƙwaro ya yi shi ne daidai. Na tara su a kicin wata safiya bayan babansu ya fita, na zazzage leda a kan tebur: sandunan farin sabulu mafi araha a kasuwa, kalar abinci, ɗan man zaitun, da wata 'yar kwalbar ƙamshin lemo da mai shago ya rantse mini ɗigo ɗaya yana cika gida.

Na yi musu bayani. Za mu gurza sabulun a greta, mu zuba a kwano da ɗan ruwa, mu ɗora kwanon a kan tukunyar ruwan zafi, mu yi ta juyawa har ya narke. Sai kala, sai ƙamshi, sai a zuba a kofunan yogot ya daskare.

Lauya ta ɗauki sanda ɗaya ta juya ta. Ta ce, "Mama, wato sabulu muka saya za mu yi sabulu da shi?"

"Eh."

"To me ya hana mu ba su shi yadda yake?"

Saura kaɗan in ce saboda yadda yake kowa ya san kuɗinsa. Na haɗiye, na ce, "Saboda abin da aka yi da hannu ya fi nuna ƙauna."

Ta dube ni, ta daɗe tana dubana, sannan ta jawo greta ba ta ƙara cewa komai ba. Da ina da hankali da tun a nan na gane wani abu, don Lauya ba ta taɓa barin shari'a a zaman farko ba.

Shaƙuwar uwa da 'ya'ya ta fara da jini. Ƙwaro ya gurza ɗan yatsansa tare da sabulun, aka tsaya neman filasta. Auta ya ga farin gari ya taru a faranti, ya ɗauka kwakwa ce, ya dumbuza ya kai baki, muka yi ta ɗura masa ruwa yana tofar da kumfa yana kuka yana cewa mun cuce shi. Garin sabulu ya shiga hancin kowa, kicin ya koma gasar atishawa. Da aka zo kala, na ce kowa ya zaɓi ɗaya, muka kasa daidaitawa, na juya ɗauko cokali, kafin in waiwayo Ƙwaro ya yi adalci ya zuba duka. Kwanon farko ya fito da launin ruwan da aka wanke tsumman goge ƙasa. Na ce wannan namu ne na wankin kwanoni, kada wanda ya kuskura ya yi dariya.

Kwano na biyu shi ne na gaske, babba, wanda duk sauran sabulun ya shiga ciki. Na riƙe kalar a hannuna, na ɗiga shuɗi kaɗan, ya fito da kyau har na fara jin kaina. Sai dai wari. Sabulu mai araha in ya ji wuta, warin barandar asibiti yake yi. Na ɗiga ƙamshin lemon nan, shiru. Na ƙara, shiru. Na juye kwalbar gaba ɗaya, sai ya koma asibitin da wani ya ɓare lemo a ciki.

Ƙwaro ya toshe hanci ya ce, "Anti za ta yi mana dariya."

Na ce ya rufe mini baki, amma maganar ta soke ni, don gaskiya ya faɗa. Ina ganin Yaya a idona, ta shinshina, ta ce, "Ayya, sannunku da ƙoƙari," da muryar nan tata ta gaishe da mara lafiya.

Kofunan yogot ɗinmu ba za su isa ba, sai na aiki Lauya wajen maƙwabciya ta karɓo wasu. Fitarta ke da wuya wayata ta yi ƙara. Yaya ce. Na sauke tukunyar daga wuta, na ce wa mazan nan biyu duk wanda ya matsa kusa da ita sai na cire masa kunne, na fita baranda don kada ta ji atishawa ta fara tambaya.

Ta ce, "Ke me za ki kawo mana bana? Ni dai na gama nawa, har an kai gidan Mama, don ba za su shiga mota ɗaya da mu ba."

Na ce, "Sai kin gani."

"To, Allah ya nuna mana. Ya Baban Lauya, ya aiki? Manaja ya ce ya ji ana rage mutane a wajensu."

Lafiya lau kawai aka ce in ce, amma bakina in ya ga Yaya ba ya tsayawa inda aka ajiye shi. Na ce, "Rage mutane? Ai su ba a taɓa irinsu. Aiki ma yawa ya yi masa, da ƙyar muke ganinsa."

Ta ce madalla. Ta ɗauko labarin labulen da ta canza, da na mai aikinta, da na ciwon gwiwar Mama, ni kuma ina ta "uhm, uhm," hankalina yana kan tukunya.

Ban kai ƙofar kicin ba ƙamshin ya tare ni. Na san shi kamar yadda na san tafiyar mai shi. Ina shiga na ga kwalbar nan mai baƙin murfi a kan tebur, an ɓalle mata kai da bayan cokali, ba ko ɗigo a ciki. Ƙwaro yana juya kwano da muciya yana washe baki, Auta yana riƙe da kujerar da aka taka aka hau durowa.

Ƙwaro ya ce, "Mama, shinshina ki ji. Mun gyara."

Na ɗauki kwalbar na girgiza ta.

Ya ce, "Ai Baba ya daina sonsa. Ya daɗe bai fesa ba, ko Auta?"

Auta ya ce, "Ya daɗe."

Daidai nan Lauya ta dawo da kofuna a rungume. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta dubi kwalbar, ta dubi ƙannenta, idonta ya kawo ruwa. Ta ce musu a hankali, "Ku wawaye ne." Na ɗauka tsoron faɗan babanta take ji, tunda ita ce babba. Ni kaina so nake in zauna a ƙasa in yi kuka, in kuma kama Ƙwaro in yi masa abin da ba zai manta ba, amma sabulu ya fara kauri a kwano, kuma sabulu ba ya jiran mai kuka. Haka muka jera kofuna muka zuba.

Da yamma maigidan ya dawo. Na ji ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba. Can ya ce, "Yau gidan nan ƙamshin mai aiki yake yi."

Ya shigo kicin da jakarsa a kafaɗa. Yara sun jeru jikin bango. Ya ga kofuna shuɗaye a jere, ya ga kwalbar, ya ɗauke ta ya ɗaga a hasken taga kamar yadda ya saba, ko da yake makaho ma ya san ba komai a ciki. Na ga tsokar muƙamuƙinsa tana motsi. Da a ce yana da aiki, wallahi da Ƙwaro ya sha faɗan da zai ishe shi shekara. Amma yanzu in ya yi fushin da ke cikinsa, sai an tambayi dalilin da ya sa ɗan guntun turare ya zama abin tashin hankali haka, kuma mai albashi ba ya makoki a kan kaurin yatsa.

Ya ajiye kwalbar, ya shafa kan Ƙwaro. Ya ce, "Ba komai. Ƙarshen wata sai in sayi wani. Amma a daina hawa durowa."

Ƙwaro ya saki numfashi, ya kalle ni da idon "ba na faɗa miki ba". Baban ya wuce ɗaki. Da na bi shi na same shi zaune a bakin gado bai ko cire takalmi ba. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, don shi ya ɗaure mu da wannan igiyar, ga shi yau ta shaƙe shi bai isa ya ce wayyo ba.

Sabulun ya yi kwanaki yana bushewa a kan katako kusa da taga. Gida ya cika da ƙamshin mutumin da ke zuwa ofis, mutumin kuma yana fita kullum da warin guga kawai. Shi da kansa yake juya su kafin ya fita, wai don kada gefe ɗaya ya riga bushewa. Da suka yi tauri muka ciro su daga kofuna, muka naɗe da takarda mai ruwan ƙasa, muka ɗaure da zare. Wasu sun karkace, wasu da ramuka, ɗaya har da zanen yatsan Auta. Na ga kamar wanda ya fi kowanne kyau ba ya nan, Lauya ta ce faɗuwa ya yi ya farfashe ta zubar. Na yi tsaki na ce dama mai kyan ne zai faɗi.

Ranar haɗuwa falon Mama ya cika. Kyautar Yaya tana jingine a bango tun kafin mu zo, fanka mai tsayawa, kowane gida ɗaya, kwalayen sun kusa kai Auta tsawo sau biyu. Aka yi ta godiya, tana cewa, "Ba yawa, ba yawa," tana gyara kwalin da ya juya baya don rubutun ya fuskanci jama'a. Ni kuma ledata tana kan cinyata, ina jin kamar in zauna a kanta.

Da aka zo kaina na ce yara su raba. Na ce, "Su suka yi da hannunsu," don in abin ya zama abin dariya, a yi wa yara.

Yaya ta kwance zaren da yatsu biyu, bakinta ya riga ya shirya "ayya". Ta kai hanci. Sai na ga "ayya" ɗin ta koma ciki. Ta sake shinshinawa, ta miƙa wa mijinta.

Mama ce ta fara magana. Ta ce, "Wannan ai Baban Lauya ne aka naɗo mana a takarda."

Falo ya kwashe da dariya, kowa yana shinshina nasa yana cewa wallahi shi ne. Yaya ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ke, turaren nasa kuka zuba a sabulu? Wancan turaren?"

Ƙwaro ya yi caraf ya ce, "Har sai da kwalbar ta ƙare, Anti. Baba ya ce ba komai, zai sayi wani."

Yaya ta dubi sabulun, ta dubi fankokinta. Tunda nake da ita ban taɓa ganin kyauta ta kashe mata baki ba sai ranar. Ba zan ɓoye muku ba, daɗi ya ratsa ni har tafin ƙafa. Na gyara zama, na kaɗa hannu na ce, "Ai wasan yara ne, Yaya. Mun bar su ne su ɗan yi nishaɗi." Maigidana yana can gefe yana murmushi, murmushin wanda takalmi ya matse a wajen taro.

Bayan an ci abinci aka kawo shayi. Mijin Yaya, wanda duk muke kira Manaja, mutum ne mara yawan magana, in ka auri Yaya dole ka koyi haka. Ya jawo kujera kusa da maigidana, sabulun yana hannunsa yana juya shi. Ina tattara kofuna a kusa da su, don haka komai a kunnena.

Ya ce, "Wallahi yau hankalina ya kwanta. Da na ji labarin kamfaninku na damu ƙwarai. Mun buɗe sabon sito, ina neman wanda zan damƙa wa in yi barci. Sai na riƙe wurin, na ce in mun haɗu yau zan ja ka gefe. Yayarku ta ce mini ba a taɓa ka ba, ban dai sakankance ba sai yanzu." Ya ɗaga sabulun ya yi 'yar dariya. "Mutumin da ake wanka da turarensa ai ba ni zan yi masa tayin aiki ba, sai in ji kunya. Gobe in na shiga ofis sai in kira wani da aka kawo mini, a ba shi kawai."

Na kafe maigidana da ido, ina roƙonsa da duk abin da ido zai iya faɗa. Ga Yaya a kujerar gaba tana kasa kunne, ga yara a ƙasa, ga sabulu a hannun kowa.

Maigidana ya ce, "Allah ya sanya alheri, Manaja. Na gode da ka tuna da ni."

Na kwashi kofuna na shige kicin ɗin Mama, na buɗe famfo don kada a ji numfashina. Mun yi wata da watanni muna ɓoye abu, mun ɓoye shi da kyau har mun ɓoye wa mutum ɗaya tak da ya zo da magani a aljihu. Ni kuma da bakina na ƙara masa gishiri, har da kaɗa hannu.

Muna komawa gida na tura yara tsakar gida da fankarsu su haɗa, na rufe ƙofar ɗaki.

Na ce, "Alkawari na yi maka zan yi shiru, ban yi alkawarin zan tsaya ina kallo kana mayar da abinci daga bakin 'ya'yanka ba."

Ya ce, "A gaban Yaya kike so in faɗa? A gaban yara? Kowa riƙe da sabulu, ke kuma kin gama cewa wasan yara ne?"

Wannan ta same ni, amma ban ja da baya ba. Na ce, "To ba a gaban kowa ba. Gobe ka riga wancan mutumin isa ofishinsa."

"Da wane ido?"

"Da wanda kake kallon bencin mai gyaran waya da shi."

Ya cire riga ya rataye, ya juya mini baya. Na san halinsa, in aka tura shi ƙafa yake kafewa, sai na fita na bar shi, raina a ɓace, ina jin tsoron gobe.

Da safe ya goge riga kamar kullum, bai ce mini ga inda za shi ba, ni ma ban tambaya ba. Ya ɗauki tawul ya shiga banɗaki. Ban ji ƙarar ruwa ba. Can sai ga shi ya fito, da sabulu shuɗi a tafin hannunsa, sumul, ba rami ba karkata, wanda aka ce ya faɗi ya farfashe.

Ya ce, "Wa ya ajiye wannan?"

Lauya tana baranda da tsintsiya. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ni ce. Ba faɗuwa ya yi ba, ɓoye maka na yi. Na ranar da za a kira ka."

Ya juyo ya dube ni. Na ɗaga hannu biyu, don wallahi ko a mafarki ban faɗa ba.

Lauya ta ce, "Ba wanda ya faɗa mini, Baba. Mai zuwa ofis yana fesa turare, kai kuma ka daina, kwalbar kuma ba ta ƙare ba." Ta ci gaba da shara a wurin da ta riga ta share. "Su Ƙwaro ba su sani ba. Ban faɗa wa kowa ba, ko Mama, don kada ta damu."

Kun ji fa. Don kada in damu. Ashe mu uku muke ta wasan kwaikwayon a gida ɗaya, kowa yana lallaɓa ɗan'uwansa, kuma 'yar ƙaramar cikinmu ta fi mu iyawa.

Ta ce, "Jiya na ji abin da Baba Manaja ya ce. Ai kamar an kira ka ne, ko?"

Maigidana ya tsaya da tawul a kafaɗa da sabulu a hannu. Na ɗauka zai yi magana, sai ya juya ya koma banɗaki ya rufe ƙofa. Ruwa ya daɗe yana zuba, fiye da yadda wanka yake buƙata. Ni ma na shige kicin na tsaya gaban tukunyar da ba komai a cikinta, ina share ido da bakin zane.

Da ya fito, ƙamshin ya riga shi fitowa. Ya sa riga, ya ɗaura takalmi, ya rataya jaka. Idonsa ja, ya ce sabulun ne ya shiga, kuma ba ya ko kumfar kirki. Na ce a kai ƙara wajen matar cikin waya. A bakin ƙofa ya tsaya, ya ɗora hannu a kan Lauya ya daɗe bai ɗauke ba, sannan ya tambaye ni wace mota ce take bi ta ofishin Manaja. Na faɗa masa. Ya fita da sauri, don kada wancan mutumin ya riga shi.

Ban gama wanke kofunan shayi ba wayata ta yi ƙara. Yaya ce, muryarta a ƙasa yadda ban saba ji ba. Wai ta yi wanka da sabulun, wai ko zan faɗa mata yadda ake yinsa, tana so ta yi wa ƙawayenta.

Na dubi kwalbar nan mai baƙin murfi, wadda har yanzu ba wanda ya iya jefar da ita. Na ce, "Yaya, yana da tsada. Ki bari Manaja ya dawo daga ofis, shi zai faɗa miki abin da muka zuba a ciki."